Yadda za ki ƙera danfon kwali da yaranki a ɗakin haya

Wata Asabar ce cikin watan Yuni, ruwa ya tsuge tun asuba bai ɗauke ba har la'asar, irin ruwan nan na Legas da ke cika kwata ya hau kan titi. Babu wuta, ga yara uku a ɗaki da falo a Agege, kowa ya gaji da kowa. Na tsakiyan, mai shekara huɗu, ya hau kujera ya leƙa taga, ya hango danfo, motar hayar nan ta Legas, tana kutsawa cikin ruwa a bakin layinmu, sai ya waiwayo ya ce, "Umma, ni ma ina son irin waccan."

A garinmu da yaro ya faɗi haka sai a ce ya je bayan gida ya ɗebo kara. Da kara muka tashi: a ɓare bayansa sili-sili a riƙa sokawa a totuwa, kafin magariba an yi mota, an yi tabarau, an yi gadon 'yar tsana. A nan kuwa ina za ki ga kara? Ko filin da yaro zai tono laka babu, ko'ina siminti ne da kwata. Na daɗe ina jin ciwon wannan, har ranar nan da idona ya kai kan kwalin sukari da na ajiye zan zubar. Tun daga ranar kwali ya zama karanmu. Ga yadda muke yi, da duk abin da damshin Ikko ya koya mini.

Abin da za ki tara

Kwali mai tsawon kamar taƙi ɗaya: na sukari, na ganyen shayi, ko na sabulu. Guntun kwali mai kauri, irin na Indomie, wanda mai shagon layi zai ba ki idan kin yi masa magana tun da wuri, kafin masu saye su kwashe. Tsohon littafin rubutu da aka gama da shi, amma ki duba kada ya zama na Islamiyya mai ayoyi ko sunan Allah a ciki. Tsinken tsire guda biyu, tsohon silifas wari ɗaya, fensir, zare mai ƙarfi, almakashi, sitaci, gishiri, kurkur, da ɗan gawayi.

Kwalin da aka zuba maganin sauro, maganin ɓera ko fiya-fiya a ciki kada ya shigo wannan aiki ko da yana da kyau. Haka ma wanda aka tsinto a waje bayan ruwa. Farin mazubin abincin nan mai kamar soso, wanda gwamnatin jihar ta hana amfani da shi tun Janairun 2024, idan kin ci karo da ragowarsa ki bar shi: yana marmashewa, ƙaramin yaro kuma baki yake kai komai. Motar langa-langa ta gwangwani ma na ajiye ta sai sun girma, don bakin gwangwani reza ne, ga iskar teku da ke sa ƙarfe tsatsa cikin 'yan kwanaki.

Fara da gam

Ba sai kin sayi gam ba. Sitacin rogo da ake sa wa kaya kafin guga ya wadatar, kuma a Legas ba a neman rogo da nisa. Ki zuba cokali biyu na sitaci a kwano, ki dama da ruwan sanyi cokali huɗu har ya narke sumul babu gudaji. Ki tafasa ruwa gwangwanin madara ɗaya, ya tafasa sosai yana ɓararraka, sai ki sheƙa shi a kan damun a lokaci guda kina juyawa da sauri, kamar dai yadda ake dama koko. Za ki ga farin ya washe ya koma kamar gilashi, ya yi yauƙi. Idan ya tsaya fari tsululu, ruwan bai kai zafi ba. Ki juye a tukunya ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa har ya kama. Ki barbaɗa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, yana rage saurin lalacewa. Ki bar shi ya huce sarai kafin yara su sa hannu, domin sitaci yana riƙe zafi a cikinsa ko samansa ya yi sanyi. Ni sai na tsoma yatsa har ƙasan kwanon kafin in sauke musu.

Kaurin da ake so shi ne wanda idan kin ɗaga cokali zai zubo a hankali kamar zuma. Idan ya yi kauri kamar tuwo ki ƙara ruwan ɗumi. Idan babu sitaci, fulawa cokali biyu a gwangwani ɗaya na ruwa, a dafa ana juyawa, ita ma tana yi, sai dai ta fi saurin tsami. Kada ki dama da yawa. Kwana ɗaya ko biyu yake yi, daga nan sai wari.

Jikin motar

Ki nemi gefen da aka manne kwalin tun daga kamfani, ki zura yatsa ki buɗe shi a hankali har ya baje a ƙasa. Za ki juya shi ne ciki ya koma waje. Dalili kuwa, bayan kwali yana da santsi da sheƙi, sitaci ba ya kama shi, amma cikin garas-garas yake, yana shan gam yana shan launi.

Tun yana baje za a zana tagogi. Ki miƙa wa babban yaron fensir: uku a kowane gefe, babba ɗaya a gaba wurin direba. Yankan kuwa naki ne. Ki huda tsakiyar kowace taga da bakin almakashi, daga nan ki bi layin. Ki bar aƙalla faɗin yatsa ɗaya tsakanin taga da taga, in ba haka ba rufin zai lotsa idan gam ya jiƙa shi. Ƙofar gefen dama a yanka ta ta ɓangare uku, a bar ɗaya ya riƙe ta, a lanƙwasa. Yarana ba su yarda a rufe ta ba, suka ce ai a nan kwandasta yake rataya yana kiran Oshodi da Iyana Ipaja.

Tagar nan za ta fito a karkace, wata babba wata ƙarama. Ki bi layin yaron yadda ya ja shi. Na taɓa goge na 'yata na sake zanawa da rula, ta ja jiki ta koma gefe ta zauna, ta ce motar tawa ce yanzu. Ban sake ba.

Sai ki naɗe kwalin ya koma siffarsa, ki shafa gam a bakin haɗin, ki danne da abin maƙale shanya guda biyu ko uku. Kafin ki rufe bakin ƙarshe, ki yanka kwali mai kauri daidai faɗin ƙasan motar, falle biyu, ki manna su a ciki. Wannan shi ne ƙashin bayanta. Yana hana ƙasan lanƙwashewa, yana kuma ba ta nauyi yadda ba za ta kife ba idan an ja ta da gudu. Wasu kan sa dutse, amma ni da nake da mai shekara biyu ba na sa komai da zai iya ɓallewa ya faɗo.

Lulluɓewa da takarda

Nan ne kowa yake samun aiki, har Auta. Ita ce mai yaga takarda. A yaga da hannu, kada a yanka da almakashi, domin yagaggen baki ya fi kwanciya ya saje da na kusa da shi. Faɗin yatsa biyu, tsawon yatsa ɗaya ya isa. Na tsakiya shi ne mai shafa gam: ya tsoma yatsa, ya shafa a jikin kwali, ya ɗora takarda, ya sake shafawa a kai ya lailaye. Babbar kuma tana bin kusurwa da bakin tagogi, tana lanƙwasa takardar zuwa ciki don bakin ya yi ƙarfi.

Shafi biyu kawai za a yi, kuma gam ɗin ya zama kaɗan. Yara suna son lafta shi, ki riƙa tuna musu: a shafa kamar mai a fuska, ba kamar miya a tuwo ba. Gam mai yawa shi ke sa kwali ya jiƙe ya kumbura, kuma a daminar Legas abin da ya jiƙe sosai sai ya yi funfuna kafin ya bushe.

Ki shimfiɗa tsohon buhu a ƙasa, ki cire musu kayan kirki, ki ajiye roba da ruwa da tsumma kusa. A wannan zaman ne nake jin Hausarsu tana ƙaruwa. Yaran da suke kwana suna tashi cikin Yarbanci da burokan, a makaranta Turanci, ba kullum suke jin "lailaye", "lanƙwasa", "huda", "zarge", "ɗaure tamau" ba. Kalmar da yaro ya ji hannunsa yana cikin aikinta ba ta fita daga kansa. Yanzu ɗana idan ya ga takalminsa ya buɗe baki cewa yake, "Umma, ya ɗaye, a manna."

Shanya

Wannan ita ce gaɓar da ta fi wuya a garin nan, kuma a nan na yi asarar motarmu ta farko. Mun gama da daddare, na ajiye ta a ƙasa bayan ƙofa. Da safe muka tarar kyankyasai sun cinye takardar rufin, kiyashi sun yi layi har cikinta. Sitaci abinci ne a wurinsu. Yaron ya yi kuka sosai, ni ma raina ya ɓaci, don hannunsa ne a kowace takarda.

Saboda haka kada ta kwana a ƙasa. Ki zarga zare ta taga zuwa taga ki rataye ta a ƙusa ko igiyar shanya, inda iska ke ratsawa. Idan an kawo wuta ki sa ta gaban fanka. Idan kina girki ki ajiye ta nesa kaɗan da risho ko murhu, inda ɗumi ke kaiwa amma wuta ba ta kai, kina kallonta. Daga Afrilu zuwa Yuli ki ba ta kwana ɗaya ko biyu. A ɗan tsagaitawar ruwa ta watan Agusta, wadda ta faɗo cikin dogon hutun makaranta, yini ɗaya a rana ya isa. Da hunturu kuwa, Disamba da Janairu, in iskar arewa ta leƙo, kafin la'asar ta bushe ƙamas. Za ki gane ta bushe idan kin ƙwanƙwasa da farce ta yi ƙara kamar ƙwarya, kuma ba ki ji sanyi a tafin hannu ba.

Ki faɗa wa yara tun farko cewa aikin kwana biyu ne. Jiran yana yi musu wuya, amma idan sun sani ba sa ɗauka an ƙwace musu ne.

Launin danfo

Kowa ya san kalarta: ruwan ɗorawa da baƙin layi biyu a ciki. Ki zuba kurkur cokali ɗaya a ɗan ruwan ɗumi, ki haɗa da gam cokali biyu, ki tace da tsumma idan kina son ya yi laushi. A shafa da guntun soson katifa ko tsohon buroshin haƙori. Shafin farko zai yi fari-fari, a bari ya sha iska a maimaita. Layukan kuma, ki daka gawayi ya yi laushi kamar kwalli, ki kwaɓa da ɗan gam, a ja da tsinke ko da kan ashana. Alƙalami mai kauri ma yana yi idan akwai.

Abu biyu game da kurkur. Rana tana kashe launinsa, don haka bayan an shafa a shanya a inuwa mai iska. Sannan idan ya haɗu da sabulu ko kanwa sai ya koma ja. Wannan ya zame mana abin wasa: ki jiƙa 'yar kanwa, yaro ya ɗiga da tsinke a bayan motar, nan take fitilun baya su fito jajaye. Ruwan zoɓo mai kauri ma launi ne, ja mai duhu. Da lemon tsami yana ƙara haske, da kanwa yana juyawa ya yi kore-kore. Ruwan kanwar dai ya tsaya a hannunki, kada ya shiga ido.

Ƙafafu

Ki yaga falle ɗaya na takarda, faɗinsa ya ɗan fi faɗin motar kaɗan. Ki naɗe shi a jikin fensir, zagaye huɗu ko biyar kina shafa gam, amma kada gam ya taɓa fensirin. Ki zare fensir, kin sami bututu. Ki yi guda biyu, su bushe. Na gwada da bututun biro, na gwada da na shan lemo, sitaci ba ya riƙe roba. Na takarda kuwa yana kamawa kamar tare aka yi su.

Ki kifa motar, ki manna bututu ɗaya a gaba ɗaya a baya, kowanne yatsa biyu daga baki, ki bi kansu da siraran takardu don su zauna daram. A nan kam sai an yi awo. Idan bututun gaba da na baya ba su miƙe daidai da juna ba, motar za ta riƙa karkata gefe ɗaya kamar kaguwa. Ki auna da tsinke daga bakin kwali zuwa bututu, dama da hagu su zo ɗaya.

Tayoyi daga silifas za su fito, yadda yayyenmu maza suke yi a gida. Ki wanke shi da sabulu, ki ɗora murfin robar lemo ko wanda ya ɗan fi shi girma, ki zagaye da biro sau huɗu, ki yanka da wuƙa mai kaifi a kan katako. Idan Abbansu yana gida wannan aikin nasa ne. A gidanmu tun da ya yanka na farko ya ce shi ne bakaniken tashar. Don gano tsakiya, ki yanka takarda daidai girman tayar, ki ninka ta biyu ki sake ninkawa, inda layukan suka haɗu nan ne cibiya. Ki huda da ƙusa siririya, ramin ya fi tsinken ƙanƙanta don ya shiga da ƙyar ya kama. Murfin roba ma ana yi da shi, a huda da ƙusa mai zafi, amma yana santsi a kan siminti, kuma yana saurin ficewa.

Tsinken tsire, in wanda aka ci nama da shi ne, a wanke mai da yaji a shanya. Mai tsiren unguwa kan ba da sabo idan an roƙa. Ki soka taya ɗaya, ki zura tsinken cikin bututu, ki soka ta biyun a ɗaya gefen. Ki bar ɗan sarari tsakanin taya da jikin mota, kamar kaurin ashana, don ta sami juyawa. Sai ki datse tsinin da ya leƙo, ki goga bakin a siminti ya dakushe, ki naɗa zare a wajen tayar ki ɗaure. Ki ja kowace taya da ƙarfi ki gani. Duk abin da zai iya wucewa ta cikin bututun kwalin takardar bayi zai iya maƙalewa a maƙogwaron yaron da bai kai shekara uku ba, tayar nan kuwa tana wucewa. Idan akwai mai rarrafe ko mai tatata a ɗakin, ko dai a yi manyan tayoyi da bakin kofi, ko motar ta zama ta wasa a gabanki kawai.

Saura igiya. Ki huda gaban motar ta ƙasa inda kwalin ya yi kauri, ki zura zare, ki ɗaure shi a guntun kwali ta ciki don kada ya zame. Tsawonsa kada ya wuce daga hannun yaro zuwa ƙasa. Doguwar igiya tana naɗe wuya.

Fasinjoji da kaya

Da mota ta tashi za a ce ina mutane. Ki kwaɓa fulawa gwangwani biyu, gishiri gwangwani ɗaya, man girki cokali ɗaya, kina zuba ruwa kaɗan-kaɗan har ta haɗe ta daina kama hannu. Ita ce lakarmu. Da ita suke mulmula kwandunan tumatir da buhunan albasa irin na kasuwar Mile 12, da burodin Agege, da tukwane. Gishirin yana da yawa ƙwarai, yana cutar da ƙaramin yaro idan ya haɗiya, don haka Auta ba ta taɓa ta sai tana kan cinyata. Kuma gishiri yana jan damshi: abin da ya bushe da rana sai ki ga ya yi laushi da dare. Maganinsa ki zuba yashi a tsohuwar tukunya, ki ɗora faranti, ki jera su, ki rufe, wuta ƙasa-ƙasa kamar ana gasa kek, har su yi tauri.

Mutanen kuwa da ƙyalle muke yi. Telan layi yana da buhun yankakken atamfa da shadda, kyauta yake bayarwa. A dunƙule tsumma kamar goro, a lulluɓe da ƙyalle mai faɗin tafin hannu, a ɗaure wuya da zare, a ɗaura ɗankwali ko a naɗa rawani. Mu ba ma yi musu ido da baki, kuma yaran ba su taɓa cewa da saura ba. Su suka san wace ce Hajiya mai goro, wane ne direba.

Ajiya

Bayan wasa komai ya shiga bokiti mai murfi, a bushe. Duk mako ki fito da su su sha iska. Wanda kika ga ɗigon baƙi ko kore a jikinsa, ko yana warin rima, ki cire tayoyin ki zubar da sauran, kada yaro ya riƙa shaƙa. Motar da ta bushe da kyau tana kai wata biyu ko uku a hannun yaro mai ƙiriniya, tayoyin kuwa suna hawa mota uku.

Tamu ta yanzu ita ce ta huɗu. Ranar da aka fito da ita barandar gidan, ɗan maƙwabciyata Bayarabiya ya bi ta da kallo har ƙarshen layin ɗakuna, da yamma sai ga uwarsa da kwalin shayi a hannu tana tambayar yadda ake dama gam ɗin. Asabar mai zuwa Keke Marwa za mu gwada, mai ƙafa uku, na riga na ce wa mai shago ya ajiye mana kwali. 'Yata ta ce bututun gaba sai an raba shi biyu taya ta zauna a tsakiya, ta kuma zana yadda za a yi a bayan littafinta.